Zuwa Ga 'Yata Mai Ɓoye Littafi A Ƙarƙashin Katifa

Ranar wata Juma'a da la'asar sakaliya ina tsakar gida ina tsince shinkafa, sai 'yar ƙanena ta yi sallama ta shigo, hannunta ɗaya cikin hijabi kamar mai ɓoye ƙunshin goro. Muka gaisa, ta tambayi ƙafata, ta yi ta kewaye-kewaye. Sai da na ce, "Ke, fito da abin da ya kawo ki," sannan ta zaro littafin rubutu mai shafi tamanin, bangonsa ya sha hannu har ya yi laushi. Ta ce, "Gwaggo, labari ne na rubuta. Don Allah kada ki gaya wa Baba." Na ajiye faifai na fara karantawa. Ita kuwa ta juya mini baya ta kama tsintar shinkafar da ba wanda ya sa ta, amma kunnenta na wajena. Duk shafin da na buɗe sai in ga kafaɗarta ta motsa.

Na san wannan zama, don na yi irinsa ina 'yar shekara goma sha biyar a nan Tudun Wadan Zariya. Daga baya na yi shekaru ina koyar da Hausa, kuma da wuya in shiga aji ban tarar da irinta ba, guda ko biyu, can gefen taga, bayan littafin lissafinsu cike da hirar mutanen da ba a taɓa haifa ba. Abin da na gaya mata ran nan kaɗan ne, magariba ta kawo jiki. Sauran shi ne zan zuba a nan, ita da ire-irenta. In na ce "ke", duk wadda ta ji a jikinta da ita nake.

Bari in fara da daɗin, tunda shi ne ba a faɗa muku. Kowa ya tashi yi wa yarinya nasiha sai ya fara da tsoratarwa. Rubutu yana da wani daɗi da mai tsayawa a gefe ba ya gani. An yi sallar isha'i, an kwashe kwanuka, ƙanne sun yi barci, an ɗauke wuta kamar yadda aka saba, kin kunna 'yar fitilarki kin kifa ciki a kan tabarma. A gidan da ba ki da ɗakin kanki, akwatinki ma kowa na buɗewa, wannan farar takarda ita kaɗai ce filin da babu mai yi miki iyaka. A nan ke ce mai aurarwa, ke ce mai raba faɗa, ke za ki ce wane ya yi arziki, wane ya karye. Maganar da kika haɗiye da rana don ladabi, da dare sai ki ɗora ta a bakin wata tsohuwa mai kaifin harshe ta faɗe ta tas, ba ki ɓata da kowa ba, kuma ƙirjinki ya yi sanyi. Akwai wani daɗin da ya fi wannan ɓoyuwa: ki yi kwana biyu kina neman kalma guda, kin sa "ta yi fushi" ba ta zauna ba, kin sa "ranta ya ɓaci" ba ta zauna ba, kina cikin wanke-wanke sai "ta cika ta yi fam" ta faɗo miki. Ki tsame hannu daga kumfa ki ruga neman biro, Inna tana kallonki tana cewa yarinyar nan lafiyarta kuwa. Wadda ta taɓa ɗanɗana wannan ba ta bukatar in yi mata bayani.

Sai kuma ranar da littafin ya fita daga hannunki. Kin ba aminiyarki a asirce, kafin a tashi daga makaranta ya zaga layi uku, ya dawo da tabon manja a shafi na tara. Wata da ko gaisawa ba kwa yi ta tare ki a bakin famfo ta ce, "Wai don Allah ya sake ta ne ko bai sake ta ba?" Wannan tambaya ita ce ladan farko da marubuci yake karɓa. Na ga waɗanda suka sami kuɗi da lambobin yabo daga baya, amma in hira ta yi hira, labarin bakin famfon nan suke komawa.

Yanzu ki ɗaga kai ki dubi garin da kike zaune. Kina wucewa ta Gaskiya a cikin keke, wataƙila sunan unguwa kawai kika ɗauke shi. Sunan kamfanin ɗab'i ne da aka kafa a 1945, shi kuma ya samo sunansa daga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a Janairun 1939, Abubakar Imam yana editanta. Kafin nan, a 1933, ofishin talifi da ke nan Zariya ƙarƙashin Rupert East ya shirya gasar da ta haifar da Ruwan Bagaja, da Ganɗoki, da Shaihu Umar, da Idon Matambayi, da Jiki Magayi. Imam yana ɗan shekara ashirin da biyu, malamin makaranta a Katsina, ya rubuta Ruwan Bagaja. A garin nan kuma ya zo ya zauna ya rubuta Magana Jari Ce. Daga baya aka yi hukumar talifi ta NORLA, sannan kamfanin ɗab'i na NNPC a 1966. Kusan duk littafin Hausa da iyayenki suka karanta a firamare, daga Zariya aka ɗaure shi aka loda a mota. To amma ki sake duba sunayen marubutan can na 1933. Babu mace ko ɗaya. Sai a 1980 NNPC ya buga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, bayan wata gasa da kamfanin ya shirya, shi ne ƙagaggen labari na farko da mace ta wallafa da Hausar boko. Shekara arba'in da bakwai ke nan tsakani. Injinan suna nan bayan gidajenmu suna ta ruri, matan unguwa suna jin ƙararsu, ba mai kai musu takarda.

Kada ki ɗauka matan ba su da abin faɗa. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda aka haifa a 1793, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma naɗa mata masu malfa da ake kira jaji, suna zuwa daga ƙauyuka da ayarinsu na 'Yan Taru su haddace waƙoƙinta su koma su koyar. Don ta rubuta, yau muna jin muryarta ita da kanta. Ki gwada ta da Sarauniya Amina da muke tinƙaho da ita a Zazzau. An sa wa makarantu da ɗakunan kwanan ɗalibai sunanta, amma ko jimla ɗaya daga bakinta ba mu da ita. Abin da ya iso gare mu a rubuce, maza ne suka rubuta bayan ta daɗe da barin duniya, irin su Muhammadu Bello a Infaƙul Maisuri.

Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce Baba mutuniyar Karo. Tsohuwa ce da ba ta yi boko ba. A ƙarshen 1949 da farkon 1950, a Giwa nan kusa da mu, ta zauna da wata Baturiya, Mary Smith, matar mai binciken nan M. G. Smith, ta ba ta labarin rayuwarta tun daga ƙuruciya: harin masu kamun bayi, zuwan Turawa, aure-aurenta, zaman kishi, ƙawance, bori, rashin haihuwa da riƙon 'ya'yan dangi. Baba ta rasu a 1951, littafin ya fito da Turanci a 1954, ba ta gan shi ba. Har yau masu nazarin rayuwar matan Hausa a jami'o'in duniya ba sa tsallake shi. Duk lokacin da na tuna wannan sai in tambayi kaina: tsofaffi nawa ne irin Baba a Tudun Wada da Gyallesu da Tukur-Tukur da cikin Birni, waɗanda babu Baturiyar da ta zauna gabansu da alƙalami, aka kai su makwanci da labarinsu a ciki? Kakata tana cikinsu. Ina da biro a lokacin, ina da littafi, amma ina can ina rubuta labarin wata gimbiya a ƙasar da ban taɓa zuwa ba.

Wannan ya kawo ni ga abin da na gani a littafin 'yar ƙanen nawa, wanda kuma nake gani a yawancin abin da kuke turawa juna a waya. Yarinyar labarin fara ce sol, gashi har gadon baya. Saurayin ɗan hamshaƙin mai kuɗi ne, miskili, ba ya dariya, ya dawo daga Ingila, motocinsa sun cika harabar gida a Abuja, amarci kuma sai Dubai. Na tambaye ta, "Kin taɓa shiga jirgi?" Ta ce a'a. Na ce, "To me ya sa duk shafukan jirgin nan ba su da ƙamshi ba su da wari?" Amma a shafi na talatin da wani abu, akwai wurin da mai aikin gidan ta tsaya ciniki da mai kayan miya, yana rantsuwa da cewa ko uwarsa ce ba zai sayar mata haka ba, tana tafiya yana kiranta. Rabin shafi ne kacal, shi kaɗai ne mai rai a littafin, don shi kaɗai ta ji da kunnenta a kasuwar Tudun Wada. Ban hana ki mafarki ba, ni ma na yi. Amma labarin attajirin miskilin nan an rubuta shi sau ɗari kafin a haife ki, kuma waɗanda suka riga ki sun fi ki iya shi.

Dubi Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990. Labarin Rabi ne, matar da miji ya kora da 'ya'ya tara bayan ya yi amarya, ta kama sayar da abinci tana riƙe su. Babu layin da za ki bi a garin nan ba ki sami Rabi ba. Wannan littafin ne aka fassara zuwa Turanci aka buga a Indiya a 2012. Dubi kuma gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 don mata zalla. Labarin da ya fara cinye ta shi ne "Sansani" na Aisha Muhammad Sabitu, a kan 'yan gudun hijira. A 2020 Maryam Umar ta ci da "Rai da Cuta", labarin matar da mijinta ya ƙaryata cutar korona ya kawo ta gida. Abin da ke faruwa a ƙofar gida ne suka ɗauka.

Saboda haka ɗabi'ar da na fi so ki riƙe ita ce ta kunne. Ki sami ɗan ƙaramin littafi da zai shiga jaka, daban da na labari. A gidan biki, lokacin da ƙawayenki ke ɗaukar hoto, ki matsa kusa da tsofaffin da ke bakin murhu ki ji yadda suke yi wa juna ba'a. A layin awo in kin raka yayarki asibiti, a bas daga Ƙofar Doka zuwa Samaru, a wajen mai kitso, a gidan rasuwa ranar uku, mutane suna zubar da zance kamar hatsi a masussuka, ba mai tsincewa. Ki lura da yadda mace take cewa "ba komai" alhali da komai, da yadda dattijo yake kewaya magana sau uku kafin ya ambaci bashi. Kada ki rubuta a gabansu, za su kama bakinsu. Ki riƙe a ka, in kin keɓe ki zuba. Bayan wata shida ki buɗe littafin nan ki gani, za ki tarar da mutanen da suka ishe ki labari goma.

Sai dai kunne yana da amana. Abin da kika ji a ɗakin yayarki tana kuka, ba naki ba ne ki kwasa yadda yake ki watsa. Ki canza gari, ki canza sana'a, ki haɗa halin mutum uku ki yi mutum guda, har mai abin ta karanta ta ji tausayin matar labarin ba tare da ta ji an tsiraita ta ba. Na san gidan da zumunci ya yanke saboda labarin da kowa a dangi ya gane wa ake nufi. Marubuciyar ta ce ai ba ta ambaci suna ba. Ba ta ambata ba, amma ta faɗi launin ƙofar gidan.

Kunnen nan kuma zai nuna miki wani abu game da harshenmu. Mu Zagezagi mukan ce "yarinyan nan", "motan Alhaji ne", Kanawa su yi ta yi mana dariya wai ba mu san mace ba. Kada dariyar ta sa ki goge wannan daga bakin mutanen labarinki. In tsohuwar cikin Birni ce ke magana, bar ta ta yi Zazzagancinta, mai karatu a Sakkwato zai ji ƙamshin garin. Amma in ke ce ke ba da labari da bakinki, ki koma daidaitacciyar Hausa, kuma ki koye ta da gaske. A nan ne nake da faɗa da ku. "Ta fi kyau" daban, "tafi" na tafiya daban. "A kan tebur" a rabe yake, "akan yi haka" a haɗe. "Yana" da "suka" ba a raba su. Ƙugiyar da kuke yarwa don gaggawa ita ce ta raba baki da baƙi, ta raba kafa da ƙafa, kuma wayar da ke hannunki tana da haruffan, saukar da su kawai za ki yi. Sannan wannan ɗabi'a ta cusa Turanci a kowane layi, alhali kalmar Hausar tana nan zaune, ba gwaninta ba ce, kasala ce. Ki nemi ƙamus. Akwai na Bargery tun 1934, akwai na Jami'ar Bayero na 2006. In kina son sanin waɗanda suka riga ki a wannan hanya, ki nemi Hausa A Rubuce na Ibrahim Yaro Yahaya. In kina da 'yar'uwa a Jami'ar Ahmadu Bello ko a kwalejin horon malamai, ki matsa mata ta aro miki. Ki karanta na da, ki karanta na yanzu, su Bilkisu Funtuwa da Rahma Abdulmajid, ki karanta Zaynab Alkali in Turancinki ya kai. In wuri ya sa ki kuka, ki share hawaye ki koma baya ki duba yadda aka yi aka sa ki.

Na san abin da za ki ce: ina lokaci? Shara, ɗiban ruwa, boko, islamiyya, hadda, girki, raino. Gaskiyarki. Ɗan'uwanki namiji yana dawowa ya ajiye jaka ya fita ƙwallo, ke kuwa aikinki lokacin ya fara. Ba zan ce miki adalci ne ba. Amma kada ki mai da rubutu abin faɗa tsakaninki da mahaifiyarki. Ranar da tuwo ya ƙone kina riƙe da biro, ranar aka yanke wa littafinki hukunci, kuma ke kika jawo. Ki gama aikinki da kyau, har a san cewa in an gan ki a zaune kin sauke nauyi ne. Abin da na gano da kaina shi ne yawancin rubutu ba a zaune ake yinsa ba. Aliyu Namangi na garin nan makaho ne, a ka ya tsara Imfiraji, wasu suka rubuta masa. Hannunki na cikin wanki, kanki ba ya ciki. A nan za ki shirya wa zai shigo, me zai ce, ina za a tsaya. In kin zo zama, minti ashirin ya isa ki zuba shafi guda. Ki yi lissafi: labarin Hikayata kalma 1,000 zuwa 1,500 ake nema. In kina rubuta kalma 300 a rana, kwana biyar kin gama zubin farko. Ita Balaraba da na ambata, tana 'yar shekara goma sha uku aka yi mata aure, karatunta ya katse, daga baya ta koma ta nema. Ke da kike aji biyar na sakandare kin fi ta sarari nesa ba kusa ba.

Kuma ki riƙa gamawa. Akwatin kowace marubuciya cike yake da labarai masu kai babu ƙafa, don farawa daɗi gare ta kamar sabon zani, tsakiya kuwa ɗaka ce. Gajere da kika kai ƙarshensa ya fi koya miki sana'ar a kan dogo mai littafi uku da kika bari a hanya. In kin gama, ki rufe shi ki ajiye mako biyu, sannan ki ɗauko ki karanta da ƙarfi kamar mai karanta wa makauniya. Duk inda harshenki ya yi tuntuɓe, jimlar ce ba ta da lafiya. Duk inda kika ji kina sauri ki wuce, mai karatu ma zai tsallake, sai ki soke shi.

Wannan jiran na mako biyu shi ne waya ta ƙwace muku. Yanzu yarinya takan rubuta shafi da yamma ta tura WhatsApp ko Wattpad kafin isha'i, masu karatu su yi caa, wannan ta ce a kashe kishiyar, waccan ta ce in ba a haɗa su aure ba ta daina bi. Kafin a je ko'ina labarin ya zama nasu, ita ta koma 'yar aike. Ban raina waya ba. Ta buɗe ƙofar da mu muka yi shekaru muna ƙwanƙwasawa, yarinya a Tudun Jukun tana da masu karatu a Maraɗi da Kumasi ba ta biya ko sisi ga maɗaba'a ba. Amma ki gama labarin tukuna, ki gyara, sannan ki fara sakinsa kaɗan-kaɗan. Za ki kuma ga waɗanda suka fi kowa tara jama'a su ne masu zuba batsa, har a ce miki in ba ki sa ba ba za a saya ba. Ana saya, ban musa ba. Amma abin da ya shiga waya ba ya fita, sunan alƙalami kuma ba ya ɓoye mutum har abada a garin da kowa ya san kakan kowa. Awon da nake ba ɗalibaina shi ne: duk zafin maganar da za ki taɓo, ko fyaɗe ne ko saki ko auren dole, ki rubuta ta yadda za ki iya zama a karanta a gaban gwaggonki ba ki nemi ƙasa ta tsage ba.

Ki kuma adana. Labarina na farko da na kai ƙarshe, littafi biyu ne cur. Na sa su a ƙasan kwalla na tafi makarantar kwana. Da na dawo hutu na tarar wata a gidanmu ta yi ta yagar su tana hura gawayi, wai ta ɗauka tsofaffin littattafan makaranta ne. Bango kawai na samu. Na yi kukan da ban yi ba ko ranar da aka taɓa yi mini sata, aka yi ta mamaki wai a kan takarda. Na yi shekara biyu ban sake rubuta komai ba, wannan kuwa wautata ce, ba laifin mai gawayi ba. Ku naku gawayin daban ne: waya ta faɗa rijiya, ko a fizge ta a kasuwa, ko manhajar ta rufe. OkadaBooks, inda marubuta da yawa suka zuba littattafansu suna sayarwa, ta rufe a ƙarshen 2023. Duk abin da kika rubuta ya zama yana wuri biyu, ɗaya a takarda ko a imel ɗinki, da kwanan wata a kansa. Kwanan watan nan zai yi miki rana in wata ta kwashe labarinki ta canza sunaye ta ce nata ne, abin da ke faruwa kullum.

Saura maganar da 'yar ƙanen nawa ta ce kada in gaya wa babanta. Ban gaya masa ba, amma na ce ita ta gaya masa, kuma na yi mata alkawarin zama a wurin. Iyaye ba rubutun suke tsoro ba, abin da ba su sani ba suke tsoro. Sun ji an ce littattafan soyayya suna lalata yara, ba su taɓa buɗe ko ɗaya ba. Ki zaɓi labarin da kika san zai taɓa su, ki karanta wa Inna tana tankaɗe. Uwar da ta ji 'yarta ta sa maƙwabciya dariya da hawaye, ita za ta riƙa korar ƙanne ta ce ku bar ta tana aiki. Amfanin sanin nasu ya wuce nan. Da zarar rubutunki ya fara yawo, za a sami namijin da zai biyo ki ta saƙo, ya ce shi marubuci ne ko mai shirya fim, ya ga hazaƙa, ki zo ku gana zai buga miki. Wanda yake da niyyar alheri ba ya jin nauyin yin sallama da mahaifinki a zaure. In ya ce a bar manya a gefe tukuna, ki toshe lambarsa. Kada kuma ki miƙa wa kowa labari a kan alkawarin baki. A rubuta, wani babba naki ya sa hannu a matsayin shaida.

Kuɗi kuwa, kada ki sa rai da yawa. Akwai masu samu, amma ba su kai yawan masu faɗa ba. Ki riƙe karatunki, ki koyi sana'a, rubutun ya zauna a gefensu. In kuma manemi ya fito, tun ana zance a zaure ki gaya masa kina rubutu, ki ba shi ya karanta, ki dubi fuskarsa. Na ga mata da yawa da suka shiga ɗaki da akwatin littattafai, bayan shekara biyar ka tambaye su sai su yi murmushi su ce ai wannan ƙuruciya ce. Wasu da son ransu suka bari, ba laifi. Wasu kuwa ba a taɓa tambayar ransu ba, don ba su faɗa tun farko ba.

Da 'yar ƙanen nawa za ta tafi ran nan na mayar mata da littafinta, na naɗe kusurwar shafin mai kayan miya. Na ce ta bar miskilin nan ya huta a Dubai, ta je wajen kakarta ta wajen uwa da ke cikin Birni, wadda ta haura tamanin, ta kai mata goro ta tambaye ta yadda aka kai ta ɗakin miji, wa ya ɗauke ta, me aka dafa, me ta gani da ta ɗaga mayafi. Ke ma da kike karanta wannan, in akwai tsohuwa a gidanku ko a maƙwabta, kada ki jira hutu. Ki je mata a makon nan, ki zauna a ƙasa, ki bar ta ta yi ta ratse ba ki katse ta ba. In kin dawo ki rubuta kwanan wata a saman shafi, sannan ki zuba yadda ta faɗa, da Zazzagancinta da rantsuwarta duka.